Fulawa a Ƙullin Hoce

Bari in fara da abin da kowa ya kuskure, don na gaji da maimaitawa. Ciwona ba dalma ba ce. Ba olsa ba ce, ba taifot ba, ba kuma asiri aka yi mini ba. Masu cewa iyayi ne, wai don na yi sakandare na auri ɗan Gummi shi ya sa nake zaɓen abinci, ku ma ba ku faɗi daidai ba. Alkama ce. Jikina ba ya shiri da alkama komai ƙanƙantarta, kuma ba zai yi shiri da ita ba har in koma ga Allah. Na rubuta wannan ne don duk mai irin ciwona ta shirya tun da wuri, domin gano ciwon bai kai rabin wahalar ba. Sauran tana cikin gida, a hannun waɗanda suke son ki.

Sunana Shafa'atu. A Yargalma aka haife ni. Ina ƙarama aka yi shekarar dalma, lokacin da maza suke kawo duwatsun zinariya ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi yara tana kashewa. Ƙanena Aminu yana cikin waɗanda suka tafi. Ni an ɗebi jinina, aka ba ni maganin nan da ake cewa yana wanke jini, na sha makonni, aka ce na fita. Bayan nan Baba ya kwashe mu zuwa Bukkuyum. Tun daga lokacin, ko tuntuɓe na yi sai a ce sauran dalma ce. Ban yi jiki kamar tsarana ba, dalma. Cikina ya murɗa, dalma. Ni ma na yarda, don ban san wani abu ba.

A gidanmu abinci dawa ce da gero: tuwo, fura, kunu, da hoce, wainar dawar nan da Inna take gasawa mu yi datu, wato kwaɗo, da ita da zogale da ƙuli. Burodi sai an yi baƙo. Da aka kai ni Gummi sai komai ya sauya. Maigidana Bashar yana sayar da kayan gyaran babur, kuma mutum ne mai son fita kunyar amarya. Kullum safe burodi da shayi. Da rana taliya. Ya sayo semo ya ce matarsa ba za ta yi surfe ba. Ga alkaki da dubulan da cincin na garata cike da ɗaki, na zauna na yi ta ci kamar an aiko ni.

Ban rufe wata biyu ba cikina ya fara kumbura kamar ganga. Zawo safe da yamma, mai wari irin wanda ni kaina nake jin kunya. Bakina ya fashe da gyambo. Ƙuraje masu ruwa suka fito mini a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ƙaiƙayinsu har sai na ga jini. In na yi shara sai na zauna na huta kafin in kwashe.

Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce taifot, ya yi mini allurai. Mako na gaba ya ce maleriya ce ta haɗu da taifot ɗin. Muka je asibiti, na bi layi tun hantsi har azahar, likita bai ɗago kai ya dube ni ba ya ce olsa. Ya hana ni yaji da tsami, ya ce in riƙa cin abu mai laushi, burodi da shayi da biskit. Na bi maganarsa sau da ƙafa. Yanzu in na tuna sai in yi dariyar takaici.

'Yan uwa kuma kowa da nasa. Baba ya yi mini rubutu, na sha, na kuma ji sanyi a raina. Gwaggo Kulu, yayar Baba da ke aure a Tungar Guru, ta aiko jiƙon sassaƙe mai ɗaci kamar mutuwa. Wata ta ce in bar nono, wata ta ce in ƙara nono.

A cikin wannan hali na yi ciki, ya zube yana wata uku. Shekara ta zagayo na sake yi, shi ma ya zube, har sai da aka yi mini ƙarin jini. Mata suna zuwa dubiya, suna fita ina jin su a zaure suna cewa dalma ta cinye mahaifar. Zan faɗi gaskiya a kan Bashar, a wannan lokacin ya tsaya mini. Jininsa aka ɗiba aka ƙara mini. Shi ya sayar da babur ɗin hawansa, ni na sayar da awakina, ya ce mu tafi Sakkwato a duba dalmar nan da kyau, in ita ce a sake wankewa.

Mun yi ta zirga-zirga, tafiya sai da rana saboda halin da hanya take ciki. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwaji daban, ka zo a ce na'ura ta lalace sai wani mako. Gwajin dalma ya fito, aka ce ba ita ce matsalata ba. Sai Allah ya haɗa mu da wata likita, ba ta girme ni sosai ba. Ita ce mutum ta farko da ta ajiye biro ta ce, "Gaya mini abin da kike ci daga safe zuwa dare. Da wanda kike ci a gidanku kafin aure." Ta duba ƙurajen hannuna ta daɗe tana kallo. Ta sa aka ɗebi jini aka aika wani gari, muka jira makonni. Sannan aka zura mini wata roba mai ido ta maƙogwaro har hanji, abin da ba na fatan ko maƙiyina ya gani.

Ranar da sakamako ya fito ta ce Bashar ya shigo ya zauna. Ina so a riƙe wannan: yana zaune a ɗakin, da kunnuwansa biyu. Ta ce sunan ciwon siliyak. Ta ce cikin hanjin mutum kamar darduma ne mai gashi, gashin ne yake tsotse amfanin abinci, ni kuwa duk lokacin da alkama ta shiga sai jikina ya aske gashin da kansa. Shi ya sa nake ci ba ya kama ni, shi ya sa jinina ba ya tsayawa, kuma mai yiwuwa shi ya sa ciki ba ya zama.

Bashar ya ce, "To likita, wane magani za mu saya?"

Ta ce, "Babu na saye. Maganin shi ne bari, har abada. Ko garin da ya maƙale a cokali ya isa ya maido ta baya." Ta dube shi ta ƙara cewa, "Malam, kai ne mai gadinta."

Ya ce in sha Allahu.

Na koma abincin da na tashi da shi. Dawa, gero, masara, shinkafa, wake, rogo, dankali. Na bar burodi, taliya, semo, funkaso, fanke, har lemon malt, don sha'irin da ke cikinsa ɗan'uwan alkama ne. Na bar dunƙulen miya na koma daddawa, don ba kowanne nake gane abin da ke cikinsa ba. Ƙosan bakin hanya ma na bari, don a mai ɗaya ake soya shi da fanke. Ɗanwaken sayarwa kuwa yanzu rabinsa fulawa ne. Wurin biki ko suna sai in tafi da kwanona, ana yi mini kallon mai raina abincin mutane. Wata ta taɓa ce mini, "Mu namu guba ne ko?" Na ce mata a wurina e. Ba ta sake gaishe ni ba.

Amma na warke. Cikin makonni zawo ya tsaya. Gyambon baki ya tafi. Ƙurajen sun fi daɗewa, su ma suka bushe. Zannuwan aurena da suke zagaye ni sau biyu suka dawo daidai. Ban taɓa sanin haka masu lafiya suke ji ba, a tashi da safe ba tare da an fara lissafin nisan banɗaki ba.

Sai ciki na uku ya zo. Ya wuce wata uku, ya wuce huɗu. Ranar da na ji motsi na farko na zauna a ƙasa na yi kuka. Da ya shiga wata shida aka ce in tafi gida goyon ciki kamar yadda ake yi, in haihu a gaban Inna in yi wankan jego a can. Na tafi da murnata. Na ɗauki tukunyata da muciyata da rariyata, na zaunar da Inna na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da na dardumar.

Ta ce, "To."

Makon farko lafiya lau. Inna ta hana ni taɓa komai. Kullum da yamma sai ta gasa mini hoce da zafinsa, don shi cikin yake so. Na lura ya fi na da laushi, ba ya farfashewa, na ce hannun Inna ne ya ƙara faɗawa.

Mako na biyu cikina ya fara cika da iska. Na ce ai ciki ne. Mako na uku zawo ya dawo. Ina wanka na ga ƙuraje a gwiwar hannuna, na san su kamar yadda na san fuskata.

Na zargi injin niƙa. Na saka hijabi na je da kaina na tsaya gaban mutane na wanke mai injin tas, na ce yana niƙa alkama ya zuba mana dawa a kai ba ya sharewa. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Har yau ban koma na ba shi haƙuri ba, kuma yana bina wannan. Na dawo na ce daga yau dakan hannu za a yi. Da tsohon cikina na kama taɓarya. Inna ta karɓe ta ce in zauna, ta daka da kanta, ta tankaɗe da rariyata ina kallo, gumi yana zuba a fuskarta. Na ji tausayinta har na ce Allah ya saka mata da Aljanna.

Ban samu sauƙi ba. Na je awon ciki, ma'aikaciyar ta ja fatar idona, ta auna cikin, ta sake aunawa. Ta ce jinina ya yi ƙasa sosai, kuma ɗan bai kai girman watanninsa ba. Ta tambaye ni ko ina cin abinci. Na hau babur zuwa gida hannuna a kan cikina, ina jira ya motsa.

Ranar kasuwar Bukkuyum Gwaggo Kulu ta shigo daga Tungar Guru. Ta tarar da ni a tabarma ina tura datun hoce da ƙyar, don an ce in ci saboda ɗan. Ta ajiye ƙwaryarta ta tafa hannu.

"Masha Allahu! Dibi yadda taka ci! Ba na gaya muku ba? Yanzu cokali nawa anka kai?"

Na ce, "Cokalin me, Gwaggo?"

Ta ce, "Na hulawa mana. Ke ba ki sani ba har yau?" Ta juya wajen madafa. "Innarsu, ba ki gaya mata ba? Ai ni nac ce a fara da guda."

Inna tana tsugune gaban murhu. Ba ta juyo ba. Na ajiye kwanon na miƙe, ban san ma ina da ƙarfin miƙewa haka ba.

"Inna, me kike zuba mini?"

"Zauna, ke da ba ki da lahiya."

"Me kike zuba mini a hoce?"

Ta juyo, idonta ƙyar a kaina, ko alamar laifi babu. "Ɗan kaɗan ne. Cokali guda cikin ƙulli, sannan biyu. Don cikinki shi saba."

"Na gaya miki ba ya sabawa! Na zaunar da ke na gaya miki!"

"Kin gaya min abin da likita tac ce. Ni kau na san abin da na gani da idona." Ta miƙe daga gaban murhu. "Dalma da tak kashe min Aminu, ba magani anka ba ku kunka sha anka wanke ta ba? Gubar da ta hi wannan an wanke ta, kin koma kina cin abinci kamar kowa. Sai alkama, abincin da mutane ka ci suna hamdala, a ce har abada? Ciwon da ba a ba shi magani ba, wane irin ciwo ne? Kin yi wata da watanni ba ki ci ba, ai ya hita. Saura a saba miki. Da anka yaye ki, nonon shanu kika amai, da kaɗan-kaɗan na saba miki, ga shi kina sha."

Gwaggo ta ce, "Kuma in ba ki ci da cikin ba, ɗan ma haka za shi hito, ya ƙi wannan ya ƙi wancan. Mu taimakonki munka yi, 'yar nan."

Na nuna musu hannuna. Na ce ku duba taimakon. Na ce an auna ɗan an ce ba ya girma. Inna ta dubi ƙurajen, ta kawar da kai, ta ce a hankali, "Ai sabo sai da wahala."

Na koma ɗaki. A nan wani tunani ya faɗo mini. Inna ba ta fita kasuwa. Baba ba ya sayen fulawa, bai ma san inda ake sayar da ita ba. Mutum ɗaya ne yake shigowa gidan nan da leda duk ranar kasuwa.

Bayan la'asar Bashar ya iso, an yi masa shimfiɗa a zaure. Na fita na same shi. Ban gaishe shi ba. Na ɗauki ledar da ya ajiye na zazzage a tabarma. Lemo, kankana, hanta, da wani ƙullin farin gari a ƙasa.

Na ce, "Wannan na wane ne?"

Ya kai hannu zai mayar da ƙullin cikin leda.

"Kana ɗakin ko ba ka ɗakin ranar da likita ta yi magana?"

"Shafa, ki rage murya, Baba yana ciki."

"Kana ɗakin ko ba ka ɗakin?"

"Ina ɗakin." Ya sunkuyar da kai. "Inna ce ta aiko mini, ta ce in riƙa tahowa da ita. Na so in yi magana. To ki gaya mini, ya zan buɗe baki in ce wa surukata a'a? Ni da ko ido ba na haɗawa da ita? Na ce a raina ɗan kaɗan ne, kuma ita ta haife ki, ba za ta cuce ki ba."

"Ni fa? Ni ma kunyata kake ji da ba ka gaya mini ba?"

"Na san halinki. Na san za ki tada rigima."

Ya san halina. Wato ya auna rigimata da ɗan da ke cikina, ya ga rigimar ta fi nauyi. Inna ban yafe mata ba tukuna, amma na gane ta. Ita ba ta yarda da ciwon ba, ta binne ɗa ɗaya, tana ganin ceto na take yi. Bashar ya yarda. Ya ga gwajin, ya ga yadda na tashi daga ƙashi da fata na zama mutum, ya binne ciki biyu tare da ni. Duk da haka kowane mako sai ya tsaya a shago ya ce a auna masa, ya ɗaure, ya saka a ƙarƙashin lemo don kada in gani. Saboda kada a ce ba shi da kunya.

Washegari na sa shi ya kai ni Sakkwato. Aka kwantar da ni, aka yi mini ƙarin jini. Likitata ta zo, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dubi Bashar har sai da ya fita daga ɗakin. Ta ce hanjin zai sake warkewa amma a hankali, ɗan kuma za su riƙa duba shi a kai a kai, kuma kada in kuskura in haihu a gida. Na gode wa matar nan, Allah ya biya ta. Na gode wa ma'aikaciyar awon da ta sake aunawa ba ta sallame ni haka nan ba.

Yanzu ina ɗakina a Gummi, cikin ya shiga wata takwas. Zawo ya tsaya, ƙurajen suna bushewa. Ɗan yana motsi, wani lokaci har ya hana ni zama, kuma a awon baya an ce ya ɗan ƙaru. Ban sani ba ko abin da ya rasa a makonnin nan zai dawo. Ba wanda ya iya gaya mini.

Ga mai irin ciwona, ga abin da na koya. "To" ba yarda ba ce. Ki tambaya, ki sake tambaya, ki tsaya a kan ƙulli har ya shiga wuta. In abinci ya sauya laushi ko ɗanɗano, kada ki yaba, ki bincika. In jikinki ya yi magana, ki fara dubawa kusa kafin ki je ki zagi mai inji.

Bashar yana ta ba ni haƙuri. Na ce masa burodinsa ya ci a teburin mai shayi, ya wanke hannu kafin ya shigo. Sauran maganar sai na sauka.

Shekaranjiya Inna ta aiko. Ta ce ta tara itacen wanka, ta surfa geron kunun kanwa, an share mini ɗaki, yaushe zan dawo. Ba zan koma ba. A asibiti zan haihu, a nan ɗakin zan yi jegona, maƙwabciyata za ta dafa mini ruwan wanka, kununa kuwa ni zan dama ko da rarrafe. Na san abin da za a ce a Bukkuyum, 'yar da ta ƙi wankan gida uwarta tana raye. A faɗa. Inna ta zo in tana so, ta ɗauki jikanta, ta goya, ta kwana kusa da ni. Madafa ce ba za ta shiga ba.

Bashar ya ce a aika Gwaggo Kulu ta gaya mata cikin dabara, zai fi sauƙi. Na ce a'a. Ranar kasuwa zan hau mota in je in durƙusa a gabanta in gaya mata da bakina.